Zauren Matafiya: An sa ɗanɗanon giyar inabi a jadawalin tafiyarmu

Wasiƙun da na zaɓa a wannan fitowar duk sun karkata wuri guda, wato gonakin inabi na yankin Cape a Afirka ta Kudu da zaman koyar da ɗanɗanon giya da ake shirya wa baƙi a can. Ta farkon ita ce ta fi yawan zuwa mini daga masu halartar taro da ɗalibai, don haka na ba ta fili sosai.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni malami ne a sashen nazarin aikin gona na wata jami'a a Arewa. An gayyace ni taron ƙara wa juna sani a Stellenbosch cikin watan Fabrairu. Da aka turo jadawali sai na ga an rubuta cewa wata rana da yamma za a kai mu wata gona a koya mana ɗanɗanon giyar inabi, daga nan a ci abincin dare. Wani abokin aikina da ya taɓa zuwa ya ce ba sha ake yi ba, kurɓa ake yi a tofar, saboda haka ba komai. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ba na son in ware kaina daga mutanen da nake fatan yin aiki da su nan gaba. Me ake yi a wurin, kuma yaya zan yi? Daga wani malami a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya. Abokinka rabin zancen ya faɗa maka. Na daɗe ina raka ayarin matafiya zuwa yankin nan, kuma da wuya kamfanin can ya tsara jadawali bai cusa wannan zaman a ciki ba. Abin da zan gaya maka shi ne abin da idona ya gani da abin da na ji daga bakin jagorori, ni ban taɓa kai ta bakina ba.

Stellenbosch yana da nisan kimanin kilomita 50 gabas da Cape Town. Simon van der Stel, shugaban Turawan Holan na yankin, shi ya kafa garin a 1679. Duwatsu sun kewaye shi, gonakin inabi sun hau gindinsu layi-layi. A 1971 wasu manoma uku suka haɗa kai suka buɗe ƙofofin gonakinsu ga baƙi, a zo a gani, a ɗanɗana, a saya. Abin ya karɓu, har yanzu gonakin da ke karɓar baƙi a kewayen garin kaɗai sun haura ɗari. Saboda haka wanda ya tsara taronku ba da wata manufa ya sa wannan ba. A wurinsu karramawa ce, abin da suke taƙama da shi ne suke son nuna maka.

Za a zaunar da ku a dogon tebur, ko dai a ɗaki mai sanyi kusa da ma'ajiyar ganguna, ko a baranda ƙarƙashin inuwa. Gaban kowa akwai kofunan gilashi masu doguwar ƙafa, biyar ko shida, an jera su a kan takarda mai ɗauke da sunan abin da za a zuba a kowanne. A tsakiyar teburin akwai ruwan sha, da busasshen biskit marar sukari, da wani ɗan bokitin ƙarfe na tofi. Jagoran zai bi ku ɗaya bayan ɗaya yana zuba abin da bai wuce babban cokali biyu ko uku ba.

Sai darasi ya fara. A ce ka riƙe kofin ta ƙafa, don kada ɗumin tafin hannunka ya taɓa abin da ke ciki. Ka karkata shi a kan farar takarda ka dubi launi: farar giya in sabuwa ce haske gare ta, in ta tsufa sai ta yi duhu ta koma launin zuma, ja kuwa in ta tsufa gefenta kan koma launin jan bulo. Sannan a jujjuya kofin iska ta shiga, a cusa hanci, jagoran ya tambaya me kowa ya ji. Wannan ya ce gwaiba, wancan ya ce lemun tsami, wani ya ce hayaƙi ko barkono. Ba a zuba ko ɗaya daga cikinsu ba. Inabin, da yis ɗin da ya tsima shi, da katakon gangar ne ke haifar da sinadarai masu kama da nasu. Daga nan a kurɓa, a zagaya da ita cikin baki, wasu har su zuƙi iska ta tsakanin haƙora, domin yawancin abin da muke kira ɗanɗano ta bayan maƙogwaro yake hawa zuwa hanci. Ana auna zaƙi, da tsami, da bauri, da nauyinta a harshe, da daɗewar ɗanɗanon kafin ya gushe. Baurin irin na goro ne, mai kama dasashi ya busar da baki. Daga ɓawon inabin da ƙwayarsa yake fitowa, shi ya sa ya fi yawa a ja, domin ita da ɓawonta ake tsima ta, kuma jan launin ma daga ɓawon yake. Ana farawa da fara a gangaro kan ja, a fara da marar zaƙi a rufe da mai zaƙi. Awa ɗaya zuwa biyu an tashi, sai a miƙa wa kowa takardar farashi, domin ƙarshen zaman ciniki ne.

To, maganar tofarwa. Gaskiya ne bokitin yana nan, kuma masu sana'ar, waɗanda kan ɗanɗana iri-iri masu yawa a wuni ɗaya, tofarwa suke yi don kada su bugu. Amma 'yan yawon buɗe ido mafi yawansu haɗiyewa suke yi, sai ka ga an ɗauke bokitin kusan yadda aka ajiye shi. Ko wanda ya tofar ma bai tofar da duka ba, wani abu kan bi yawu ya wuce. Abin da ke cikin kofin kuwa giya ce cikakkiya, ƙarfin barasarta yawanci kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari.

Ba da fatawa aikin malamai ne, amma wannan ba ta cikin mas'alolin da ke da duhu. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida nisantar giya ta ce a yi. Hadisi ya zo cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Wani hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya hana wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Wannan na ƙarshen ya rufe ƙofar da abokinka ya buɗe, ya kuma rufe ta “zan zauna in sha ruwa kawai”. Zuciyarka da ta ƙi kwanciya ta gaya maka gaskiya.

Abin da na fi gani yana wahalar da mutanenmu shi ne noƙe-noƙe. Mutum ya yi shiru har a shiga mota, har a zauna a tebur, har jagora ya tsaya a kansa da kwalba, sannan ya fara kame-kame, ya ce cikinsa ne ke ciwo. Kowa ya ji ba daɗi, har shi. Kada ka jira hakan. Tun yanzu ka rubuta wa masu shirya taron layi biyu: kai Musulmi ne, ba ka shan giya kuma ba ka zama wurin shanta, amma kana son a sa ka cikin zagayen gona. Ba sai ka yi dogon bayani ko ba da haƙuri ba. Yankin Cape yana da Musulmi masu yawa tun fiye da shekara ɗari uku, direban motarku ma yana iya kasancewa Musulmi, kuma ban taɓa ganin an ɗauki irin wannan saƙon da zafi ba.

Abincin daren kuwa, ka sa a ranka cewa a gonar giya za a jera kwalabe a tebur. Ka nemi a ware tebur ga marasa sha, sau da yawa za ka tarar ba kai kaɗai ba ne, akwai 'yan Masar ko Malesiya, ko Kiristocin da ba sa sha. In ba a samu ba, ka koma masauki. In ka tsaya, ka tambayi kicin abu uku: ko an dafa romon naman da giya, ko cikin yankakken naman da ake kawowa da cuku akwai na alade, da kuma ko an zuba barasa a kayan zaƙi, domin akwai wani kek na dabino da suke jiƙawa da burandi. In naman ba na halal ba ne ka tsaya kan kifi.

Game da tsoron ware kai, ga shawarata. Zumuncin taro ya fi ƙulluwa a lokacin shan shayi da cikin mota da tafiyar ƙafa a gona. Kuma ba dole ne kullum kai ne baƙo ba. Ka zaɓi mutum uku ko huɗu da kake son aiki da su, ka gayyace su cin abinci a unguwar Bo-Kaap ta Cape Town, inda gidajen abincin Musulmi ke dafa bobotie da bredie, girke-girken nama na gargajiyar yankin, ba a sayar da giya. Kai ka biya. Za su daɗe ba su manta da wannan daren ba.

Ita gonar kanta, kada ka bari ta wuce ka, ballantana kai da fanninka ne, kuma Fabrairu tsakiyar kaka ce a can, domin damina da sanyinsu daga Yuni zuwa Agusta suke. Ka roƙi a kai ka da sassafe. Masu tsinka tun kafin rana ta fito suke shiga, kowa da ɗan almakashinsa, a duƙe, hannu ɗaya ya ɗaga ganye ɗaya ya datse nonon inabin ya jefa a kwandon roba, in ya cika a saɓa a kafaɗa a ruga da shi zuwa tarakta. Gaggawar don kada zafin rana ya taɓa 'ya'yan ne. Hannuwansu duk sun yi danƙo da zaƙi. Ka tsinki ƙwaya ɗaya ka ci, halal ce: za ka ji ta fi inabin kasuwa ƙanƙanta da kaurin ɓawo da yawan ƙwaya, kuma ta fi shi zaƙi.

Ka duba gindin kowace kuranga, za ka ga wani ƙulli kaɗan sama da ƙasa. Wurin aure ne. A 1886 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera ya shigo gonakin Cape, kamar yadda ya riga ya yi wa Faransa ɓarna, kuma maganin da aka samu shi ne a aura irin Turai a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har yau haka ake dasawa. Ka tambaye su yadda suka yi da ban-ruwa lokacin farin 2017 zuwa 2018, sa'ad da Cape Town ta kusa rufe famfunanta. Ka tambayi dalilin shuka hatsi ko ciyawa tsakanin layuka, da yadda iskar kudu maso gabas mai kaɗawa da bazararsu ke busar da ganye ta rage cutar fumfuna. A gonar Vergenoegd garken agwagi ake saki kowace safiya su tsince dodon koɗi maimakon a yi feshi. Jami'ar garin ma tana da tarihi a wannan fanni: a 1925 Farfesa Abraham Perold ya haɗa irin Pinot noir da Cinsaut ya samar da Pinotage, irin da ƙasar ke alfahari da shi. Idan kuma kana tunanin manomanmu na Kudan a Jihar Kaduna da suka rungumi noman inabi, to inabin ci ne ya shafe su, kuma cibiyarsa a yankin Cape kwarin kogin Hex ce, wajen garin De Doorns, tafiyar kamar awa biyu daga Cape Town. Ka nemi rana ɗaya ka je can.

Akwai kuma abin da jagorori da yawa kan wuce da sauri, ni kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. Za a gaya muku Jan van Riebeeck ya sauka a Cape a 1652, kuma ranar 2 ga Fabrairun 1659 aka fara matse giya daga inabin ƙasar. Za a ce Van der Stel ya kafa gonar Constantia a 1685, kuma Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga ƙasarsu sun zauna a kwarin Franschhoek daga 1688. Duk gaskiya ne. Amma wa ya yi noman? Bayi ne. A 1658 jiragen ruwa biyu suka sauke bayi 'yan Angola da 'yan gaɓar Afirka ta Yamma, daga baya aka riƙa kawo su daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunusiya. A wannan shekarar ta 1658 aka buɗe wa bayin makaranta, da yawansu yara ne, kuma kundin Van Riebeeck ya nuna ladan halarta shi ne ɗan kofin barasa da guntun taba. A tsofaffin gonaki har yanzu za ka ga wani farin gini mai baka da ƙararrawa a rataye, baƙi na ɗaukar hoto a gindinsa. Ƙararrawar kiran bayi aiki ce.

An soke bauta a 1834, aka tilasta musu ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki har 1838. Bayan nan aka ci gaba da tsarin da ake kira dop, wato a biya leburan gona wani ɓangare na ladansa da giya, ana auna masa sau da dama a wuni. Mutum ya kamu, ya kasa barin gonar, ɗansa ya tashi ya gaje shi. Doka ta hana wannan tun farkon shekarun 1960, amma a wasu gonaki bai mutu ba sai cikin shekarun 1990. Tabon yana nan. Binciken likitoci a garuruwan gonaki na lardin Western Cape ya gano cewa yawan yaran da ake haifa da lahanin ƙwaƙwalwa saboda uwa ta sha giya da ciki yana cikin mafi muni a duniya. A 2012 ma'aikatan gonakin inabi suka shiga yajin aiki wanda ya faro daga De Doorns, har gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin ladan wuni daga rand 69 zuwa 105 a kuɗin ƙasar. A yau akwai gonakin da suka gyara gidajen ma'aikata, suka gina makarantu, wasu har suka ba su hannun jari. Ka tambaya, cikin ladabi, ina ma'aikatan gonar da aka kai ka suke kwana.

Ta wannan hanyar ta bayi da waɗanda aka koro daga ƙasashensu Musulunci ya shigo. Shehu Yusuf na Makassar, malamin da ya yaƙi Turawan Holan a tsibirin Java, an kawo shi a 1694 aka ajiye shi a gonar Zandvliet, kusa da inda kogin Eerste ke shiga teku, kogin da ya ratsa ta cikin Stellenbosch. Ya rasu a 1699, kuma wurin har yau Macassar ake ce masa, tafiyar kamar rabin awa daga garin taronku. A Bo-Kaap kuma akwai Masallacin Auwal na 1794, wanda limaminsa na farko, Tuan Guru, ya rubuta Alƙur'ani da ka yana tsare a tsibirin Robben. Yammacin da abokan tafiyarka za su yi a teburin ɗanɗano ya ishe ka zuwa Macassar ka dawo.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ni Kirista ne ɗan Jos, ina aikin kai abinci a wani babban otal a Abuja. Baƙi kan tambaye ni wace giyar inabi ce ta dace da abin da suka yi oda, ni kuwa ban sani ba, kuma waɗanda suka sani sun fi mu albashi. Na tara ɗan kuɗi, ina tunanin in je Afirka ta Kudu in shiga irin wannan ajin na matafiya. Zai amfane ni?

AMSA: Barka kadai ƙanena. Ka san matsayina a kan giya daga amsar da ke sama, amma tambayarka ta kuɗin guminka ce, kuma ba zan bari ka zubar da shi ba. Zaman da ake yi wa matafiya ba makaranta ba ce. Kayan gona ɗaya za a nuna maka, a yaba maka su, ba jarrabawa, ba takardar shaida. Ba manajan otal ɗin da zai ƙara maka albashi don ka ce ka zauna awa biyu a Franschhoek. Takardun da otal-otal suka sani su ne irin na cibiyar WSET ta Landan, wadda aka kafa a 1969, mai matakai daga na ɗaya zuwa na huɗu, da na Cape Wine Academy ta Afirka ta Kudu. Matakin farko na WSET gajere ne, kuma ana iya yin karatunsa ta intanet. Kuɗin jirgi da biza da masauki sun ninka kuɗinsa sau da yawa. Kafin ma ka taɓa ajiyarka, ka tambayi manajanka ko kamfanonin da ke kawo muku kaya suna horar da ma'aikata, domin da yawa suna yi kyauta.

In kuma ka samu zuwa wata rana, ka kiyaye abu biyu. Kofunan ƙanana ne, amma mai yawon gonaki uku a wuni, kowace gona iri biyar ko shida, in yana haɗiyewa ya kusa shan kwalba guda cikin zafin rana. Na sha ganin waɗanda aka riƙo zuwa mota da la'asar. Ka ci abinci kafin ka je, ka yi amfani da bokitin, kuma kada ka kuskura ka yi tuƙi: iyakar da dokar ƙasar ta yarda a samu a jinin direba giram 0.05 ne cikin mililita 100, kuma 'yan sanda kan tare hanyoyin gonaki.

Na biyu, za ka ji ana cewa jar giya kaɗan tana gyara zuciya. Kada ka maimaita wa baƙonka wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Janairun 2023 cewa babu adadin barasar da za a ce ba ya cutarwa, kuma cibiyarta ta binciken ciwon daji ta daɗe da sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa shi. Masu irin aikinka suna cikin waɗanda shaye-shaye ya fi saurin kamawa, domin kullum kwalbar tana hannunsu. Kuma ka tuna baƙin otal ɗinku da yawa ba sa sha. Ma'aikacin da ya san shayi da gahawa da haɗin lemuka, ya iya ba Alhaji shawarar abin da zai sha da gasasshen kifi, shi ma ana nemansa.

TAMBAYA: Salamu alaikum Hajiya. Ni ɗaliba ce a Cape Town. Ƙawayena sun ce akwai gonakin da ke ba da giyar da aka cire wa barasa, wai an yi ta ne don irinmu. Zan iya sha? Daga wata 'yar Maraɗi.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Abu biyu ne ake haɗawa a nan, kuma kwalabensu sun yi kama, don haka ki bambanta su.

Na farko ruwan inabi ne zalla, wanda aka matse aka tace aka rufe tun bai tsimu ba, wani da gas wani babu. Grapetiser da kike gani a kowane kanti irinsa ne, kuma gonaki da dama suna yin nasu, musamman daga wani inabi mai ƙamshi da suke kira hanepoot. Wannan lemo ne, ki sha abinki.

Na biyu giya ce da aka yi ta har ta kammala, sannan aka cire barasar, ko ta hanyar ɗumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska har barasar ta tashi, ko ta tacewa da matsi. Yawanci akan bar saura har zuwa kashi 0.5 cikin ɗari, za ki ga an rubuta a jikin kwalbar. Wasu malaman sun duba cewa ba ta sa maye suka sauƙaƙa, amma da yawa sun hana saboda asalinta giya ce, kuma wannan ne matsayin majalisar fatawa ta Malesiya. Ni ina tare da masu hanawa. In kina son hanya mai sauƙi, ki nemi tambarin halal na MJC ko SANHA, ƙungiyoyin Musulmin ƙasar masu tantance kayan halal, a jikin kwalbar, in babu ki ajiye.

Sannan ko lemon zalla ne a kofinki, in teburin na masu shan giya ne, hadisin da na kawo wa Malam ya shafe ki. Ki ja ƙawayenki zuwa abin da za ku yi tare ba tare da wannan ba. A Morgenster da ke Somerset West ana ɗanɗanon man zaitun, a Fairview ta Paarl ana na cuku, Babylonstoren tana da lambun da za ku wuni kuna zagayawa, sai dai duka ukun suna sayar da giya, saboda haka ku faɗi abin da kuka zo yi tun daga ƙofa. In kun samu hutu mai tsawo ku je Clanwilliam, can ake noman shayin rooibos.

Idan kaka ta zo, wani ma'aikaci na iya ɗebo miki ruwan inabi daga tanki ya ce sabo ne. Ki tambayi ranar da aka matse shi. Yis yana nan a jikin ɓawon inabi tun daga gona, kuma cikin 'yan kwanaki ruwan zai fara kumfa da kansa. Muslim ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura bayan nan ba ya ajiye shi. In kin ga kumfa, ko kika ji yana tsikarin harshe, ki mayar masa da kofin.